Fuska Mai Zanzana, Murya Mai Nauyi: Waiwaye a Kan Om Puri

A bakin masu kallo da 'yan jaridar ƙasar Hausa a yau, duk wanda ya fito a fim jarumi ne. Wanda ya yi soyayya da rawa jarumi, wanda ya fito a maigadi ya buɗe ƙofa sau biyu shi ma jarumi. Mu kuma a fagen nazari mun saba raba 'yan wasa gida biyu, babban tauraro da ƙananan taurari, rabon da muka gada daga nazarin ƙagaggun labarai da rubutaccen wasan kwaikwayo. Kowane ɗaya daga cikin ma'aunan nan yana da amfaninsa, sai dai akwai wani irin ɗan wasa da ke sulalewa ta tsakaninsu ba tare da an kama shi ba. Shi ne wanda ba a tallar fim da fuskarsa, amma in an cire shi labari ya zama miya ba gishiri. Yau shi ne uba, gobe ɗan sanda, jibi liman ko ɗan kwangila mai cin amana. Sau da yawa kuma shi ake nema idan ana bukatar murya ita kaɗai, ba tare da an ga mai ita ba.

A cikin irin waɗannan 'yan wasa, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Om Puri, mutumin Indiya da ya rasu a farkon shekarar 2017. Yawancin Hausawa masu kallon finafinan Indiya sun san fuskarsa ko da ba su riƙe sunansa ba, domin fuska ce da ba ta ɓacewa: hanci babba, kumatu cike da zanzanar agana da ya yi tun yana ƙaramin yaro, idanu kamar na wanda ya kwana bai yi barci ba. Wasu kan ɗauka ɗan'uwan Amrish Puri ne, wato Mugambo na fim ɗin Mr. India na 1987, alhali sunan dangi kawai suka yi tarayya a kai, babu jini a tsakaninsu. Na zaɓi in yi waiwaye a kan rayuwarsa ne saboda ta nuna ƙarara cewa murya rabin ɗan wasa ce, kuma wannan batu ya shafe mu kai tsaye a zamanin da ake cire muryoyin 'yan wasan Indiya ana ɗora na Hausa a kansu.

An haife shi a garin Ambala da ke arewacin Indiya a 1950, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Ko takardar haihuwa ba a yi masa ba. Da zai shiga makaranta, wani kawunsa ya zaɓar masa 9 ga Maris a matsayin ranar haihuwa, sai daga baya da ya girma ya bi diddigin maganar mahaifiyarsa, wadda ta danganta haihuwarsa da bikin Dussehra na mabiya addinin Hindu, ya tsayar wa kansa 18 ga Oktoba. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Om yana ɗan shekara shida aka kulle uban bisa zargin satar siminti, iyalin suka rasa matsuguni. Yayansa ya shiga dako a tashar jirgi, shi kuma ya kama aiki a shagon mai shayi, yana kuma bin layin dogo yana tsintar kwal. Duk wanda ya ga yadda ya riƙa fitowa a talaka daga baya, yadda yake zama a tsugune a gaban mai iko, yadda yake karɓar abu da hannu biyu yana sunkuyar da kai, zai gane cewa wannan ba karatun makaranta ba ne kaɗai. Jiki ne ya riga ya san halin tun kafin a koya wa baki.

Amma makarantar ma ya yi ta, kuma ya yi ta sosai. Ya kammala Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa da ke Delhi a 1973, a zamanin da Ebrahim Alkazi yake shugabantarta, sannan ya wuce Cibiyar Fim da Talabijin ta Indiya da ke Pune, ya fito a 1976. A makarantar Delhi ya haɗu da Naseeruddin Shah, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwa, kuma shi ne ya ƙarfafa masa gwiwar bin sa zuwa Pune. Om Puri ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa rashin Turanci ya sa shi jin ƙasƙanci a tsakanin ɗalibai 'ya'yan birni, tunda shi da Punjabi da Hindi ya tashi. Wannan ƙaramin bayani yana da muhimmanci, domin mutumin da ya shiga makaranta yana jin nauyin buɗe baki shi ne daga baya Birtaniya ta karrama saboda finafinan da ya yi da Turanci. A 1976 ya fito a fim ɗin Ghashiram Kotwal, wanda aka yi da harshen Marathi daga wasan kwaikwayon Vijay Tendulkar.

A Bombay ta wancan lokaci, wadda ake kira Mumbai yanzu, kasuwar fim tana da siffar da take nema ga tauraro: fari, dogo, mai santsin fata, wanda zai iya rawa a kan duwatsu da tsakanin furanni. Om Puri ba shi da ko ɗaya. Sa'arsa ita ce ya fito daidai lokacin da wasu daraktoci irin su Shyam Benegal da Govind Nihalani suke gina wani reshe na daban, finafinai masu ƙaramin jari da ke magana a kan manoma da leburori da waɗanda tsarin asali ya jefa ƙasan kowa. Waɗannan daraktoci fuskar da ta sha rana suke nema, sai abin da kasuwa ta ɗauka aibi ya zama masa jari.

Fim ɗin da ya fitar da shi sarari shi ne Aakrosh na 1980, aikin farko da Nihalani ya ba da umarni, labarin kuma na Tendulkar ne. Om Puri ya fito a Lahanya Bhiku, wani lebura daga ƙabilun daji da ake tuhuma da kashe matarsa, wadda Smita Patil ta fito a matsayinta. Gaskiyar magana ita ce wasu manyan gari ne suka yi wa matar fyaɗe, aka kuma ɗora masa alhakin mutuwarta. Naseeruddin Shah ne matashin lauyan da aka ba aikin kare shi, Amrish Puri kuma mai gabatar da ƙara. Abin mamakin shi ne kusan daga farkon fim ɗin har ƙarshensa Lahanya bai ce uffan ba. Lauya ya tambaya, ya lallasa, ya fusata, mutumin nan sai kallo. Mai kallo yana karanta komai ne daga idanu da motsin maƙogwaro da yadda kafaɗu suka sauka. A ƙarshe, mahaifinsa ya rasu, aka kawo shi cikin sarƙa don ya yi al'adar ƙona gawa. Nan ya hangi ɗaya daga cikin yaran azzaluman yana kafa wa ƙanwarsa ido. Sai ya fizgi gatari ya sare ta, don kada ta faɗa inda matarsa ta faɗa, sannan ya ɗaga kai sama ya kurma ihu, ya sake kurmawa.

Ma'anar sunan fim ɗin a Hindi ita ce kukan fushi, kuma ihun nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Abin da ya ba shi nauyi shi ne shirun kusan sa'a biyu da ya gabace shi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma ba kowane shiru ba: sai shirun wanda mai kallo ya tabbata yana da abin faɗa kuma an toshe masa hanyar faɗa. Na daɗe ina ganin hikima a cikin cewa mutumin da daga baya aka san shi da murya ya fara yin suna ne da riƙe ta. Duk wanda ya iya sarrafa murya ya san inda ake tsayar da ita, kamar yadda gwanin makaɗi ya san inda zai ɗaga hannu daga kan fata.

Shekaru ukun da suka biyo baya su ne suka kafa shi. A 1981 Satyajit Ray ya sa shi a Sadgati, gajeren fim na talabijin daga labarin Munshi Premchand, inda ya fito a Dukhi, majemi daga waɗanda ake ƙyamar taɓawa. Ya je wurin malamin addininsu neman a tsayar masa da ranar auren 'yarsa, aka sa shi faskaren wani katon kututture da yunwa a cikinsa har ya faɗi matacce, malamin kuma ya ɗaura wa gawar igiya a ƙafa ya ja ta zuwa bayan gari. A Arohan na Benegal, 1982, manomi ne a Bengal mai noma gonar wani ana raba amfani, wanda ya shafe shekaru yana shari'a da mai gonar. A Ardh Satya na Nihalani, 1983, shi ne Anant Velankar, ƙaramin jami'in 'yan sanda da ya shiga aiki da niyyar gaskiya, tsarin aiki da 'yan siyasa suka murƙushe shi har ya faɗa shaye-shaye da dukan waɗanda ke tsare. Finafinai biyun ƙarshe kowanne ya ba shi lambar gwarzon ɗan wasa ta ƙasar Indiya. A nan ne rabon nan namu na babba da ƙarami yake fara rawa, domin a waɗannan finafinai shi ne babban tauraro, amma salon aikinsa bai sauya ba ko kaɗan daga wanda yake yi idan an ba shi fitowa ta minti biyar.

Misalin irin wannan gajerar fitowa yana cikin Gandhi na Richard Attenborough, 1982. Ana tsakiyar rikicin Hindu da Musulmi a Kalkata, Gandhi, wanda Ben Kingsley ya fito a matsayinsa, yana kwance yana yajin cin abinci don a daina zubar da jini. Sai wani Bahinde mai suna Nahari ya kutso a firgice, ya jefa masa gurasa, ya ce ya ci, shi kam ya san wuta ce makomarsa, domin ya kashe wani yaro Musulmi bayan an kashe masa ɗa. Gandhi ya nuna masa mafita: ya nemi marayan Musulmi ya rene shi a matsayin ɗansa, kuma ya rene shi a kan Musulunci. Fitowar ba ta wuce 'yan mintoci ba a fim mai tsawon fiye da sa'a uku, amma masu kallo da yawa ita suke fara ambata idan an tuna fim ɗin. Muryar ta fara da tsawa, ta karye a tsakiya, ta ƙare da abin da bai kai kuka ba. In an auna da yawan fitowa, Nahari ƙaramin tauraro ne. In an auna da abin da ya rage a zuciyar mai kallo, ma'aunin ya kife.

Ni dai ba ta waɗannan finafinai na fara saninsa ba, kuma ina jin haka abin yake ga yawancin tsarata. Finafinan Benegal da Nihalani ba su ne ake haya a shagunan kaset ba. Na fara ganinsa ne a Disco Dancer na 1982, fim ɗin Mithun Chakraborty da muka kalla har kaset ya fara ja. A ciki shi ne David Brown, manajan da ya bar mawaƙin da yake yi wa aiki ya tsinto Jimmy a titi ya mai da shi gwani. Ba mu san sunansa ba, manajan Jimmy kawai muke ce masa, kuma babu yaron da ya taɓa kwaikwayon tafiyarsa a dandali. Amma duk lokacin da ya buɗe baki sai a ji fim ɗin ya natsu, kamar an shigo da babba cikin ɗakin yara. Wannan shi ne ɓangare na biyu na sana'arsa, ɓangaren da ya ciyar da shi. Ya fito a ɗan kwangila mashayi a Jaane Bhi Do Yaaro na 1983, a jami'in 'yan sanda a Ghayal na 1990 da Gupt na 1997, a mugun uban daba a Narsimha na 1991, a mai ban dariya a Chachi 420 na 1997 da Hera Pheri na 2000. Bai ɓoye ba cewa finafinan kasuwa su ne suka ba shi abin rufin asiri, waɗancan kuma suka ba shi suna. Kafin rasuwarsa ya yi finafinai kusan 300.

Sai kuma aikin murya zalla. Muryar Om Puri mai kauri ce, tana fitowa daga ƙirji, da ɗan kaushi a gefenta kamar an goga ta da yashi, kuma ba ya hanzari da ita. A 1988 Benegal ya shirya wa gidan talabijin na Doordarshan shirin Bharat Ek Khoj mai kashi 53, wanda ya bi tarihin Indiya na dubban shekaru bisa littafin da Jawaharlal Nehru ya wallafa a 1946. Roshan Seth ne ya fito a Nehru, Om Puri kuma shi ne mai ba da labari daga bayan fage, muryar da ke ɗaukar mai kallo daga wannan zamani zuwa wancan. A cikin shirin kuma ya sa rigar sarakuna dabam-dabam, har da Ashoka da Alauddin Khilji da Aurangzeb. Wannan aiki ne mai wuyar gaske, domin mai ba da labari dole ya tsaya a tsakiya, sarki kuma dole ya ɗauki ɓangare, kuma maƙogwaro ɗaya ne yake yin duka biyun a shiri ɗaya. Ya raba su ne da saurin magana da wurin jan numfashi da inda yake sauke nauyin jimla. Ya sake zama mai ba da labari a Mangal Pandey na 2005 da kuma fim ɗin zane na Chaar Sahibzaade na 2014.

A ƙasashen Turai da Amurka ma ta ƙofar nan ya shiga. A City of Joy na 1992 ya fito tare da Patrick Swayze a matsayin Hasari Pal, mai jan keken ɗaukar fasinja da ƙarfin ƙafarsa a Kalkata. Ya fito a Wolf na 1994 tare da Jack Nicholson, ya fito a Janar Ziya'ul Haƙ na Pakistan a Charlie Wilson's War na 2007, ya kuma fito tare da Helen Mirren a The Hundred-Foot Journey na 2014. Amma inda ya fi barin tabo shi ne finafinai biyu na Birtaniya a kan iyaye 'yan Pakistan da 'ya'yansu haifaffun Ingila: My Son the Fanatic na 1997, inda yake direban tasi, da East Is East na 1999, inda yake George Khan, mai shagon soya kifi da dankali a Salford, mai mata Baturiya da 'ya'ya bakwai da yake son su bi al'adar da ba su taso a ciki ba. Turancin George Khan karyayye ne, kuma da wani ne da ya mai da shi abin dariya kawai. Om Puri ya sa mai kallo ya yi dariya, sannan ya ji tsoro lokacin da mutumin ya ɗaga hannu a kan matarsa, sannan ya ji tausayin wanda harshe ya gaza masa a cikin gidansa. Bahinde ne shi, amma ya fito a Musulmi sau da yawa ba tare da ya mai da su zanen ban dariya ba, har zuwa malamin nan na Pakistan da ya ɓoye Salman Khan da yarinya bebiya a Bajrangi Bhaijaan na 2015. Indiya ta ba shi lambar Padma Shri a 1990, Birtaniya kuma ta ba shi lambar girmamawa ta OBE a 2004.

Cikin ayyukansa na ƙarshe akwai wanda ya ɗaure kan zancen nan da kyau. A 2016 kamfanin Disney ya fitar da sabon The Jungle Book, aka kuma yi masa fassarar Hindi da muryoyin sanannun 'yan wasa: Irrfan Khan, Nana Patekar, Priyanka Chopra. Om Puri aka ba Bagheera, baƙar damisar da ke renon yaron daji tana yi masa faɗa tana kuma kare shi. Wanda ya yi muryar Bagheera a na Turanci shi ne Ben Kingsley. Wato shekara 34 bayan ya tsaya a gaban Kingsley yana kuka a Gandhi, sai ga shi an cire muryar Kingsley an ɗora tasa. Yaran Indiya da suka kalli fim ɗin ba su ji an rage musu komai ba, domin wanda aka ba aikin ya san cewa ɗora murya wasa ne cikakke, yana bukatar a fahimci halin dabbar nan kamar yadda ake fahimtar halin mutum, kuma sunansa ya fito a tallar fim ɗin kamar na kowane tauraro.

Wannan ne ya dawo da ni gida. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya, kuma Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan yadda Hausawa suka karɓe su suka sarrafa su. Shekara da shekaru mun kalle su ba tare da jin harshen ba. Da murya muke gane wanda ke roƙo da wanda ke barazana, wanda ke ƙarya da wanda zuciyarsa ta karye, kuma kunnenmu ya ƙware a wannan karatu. A shekarun 2010 fassara ta zo, aka fara ɗora muryoyin Hausa, kasuwar ta bunƙasa har ta girgiza masu shirya finafinan gida. Wata rana ina zaune a shagon aski ana nuna irin wannan fim, sai ga fuskar Om Puri ta cika talabijin, ya fito a uba yana yi wa ɗansa magana mai zafi. Muryar da ta fito ta wani matashi ce mai laushi da sauri, wadda na riga na ji ta a bakin mutum biyu a fim ɗin. Hausar tsaf take, har da karin magana a inda ya dace, mutanen shagon kuma suna bin labarin fiye da yadda muka taɓa bi a zamaninmu. Amma mutumin da na sani ba ya cikin ɗakin. Zanzanar tana nan, idanun suna nan, nauyin ya tafi.

Ba ina faɗin haka ba ne don in rage darajar masu fassara. Aikinsu sabuwar sana'a ce ta adabin baka a Hausa, suna daidaita tsawon jimla da motsin leɓe, suna nemo wa barkwancin Hindi abokinsa a Hausa, sau da yawa mutum kaɗan ne ke ɗaukar muryoyin fim guda cikin ƙanƙanin lokaci. Kuma raba fuska da murya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda mun san Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi da Kishore Kumar ne ke rera waƙoƙin da taurari ke bi da baki, finafinan Kano ma a kan wannan tsari suka ginu. Abin da zaman shagon nan ya nuna mini shi ne tauraro mai kyan fuska yana tsira daga fassara da abin da ya zo da shi, domin jarinsa a ido yake. Irin su Om Puri kuwa rabin jarinsu a kunne yake, kuma wannan rabin sai mai ɗora murya ya sake gina shi daga tushe. In ya gina, ya cancanci a kira shi ɗan wasa a kuma san sunansa. In bai gina ba, mai kallo ba zai ma san an yi asara ba.

Sana'ar murya kuwa tana da tushe mai zurfi a wurinmu. Tsohuwar da ke ba da tatsuniya da dare takan sauya baki idan ta zo kan Gizo, ta yi masa tsamin bakin nan da kowane yaro ya sani, ta kaurara murya idan Kura ta shigo. 'Yan kama suna kwaikwayon karatun malamai da muryarsu don ba da dariya, yara kuma a tashe suna aron muryar tsoho. A zamanin rediyo da talabijin, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya gina Samanja Mazan Fama ne a kan Hausar bariki da tsawar soja, ta yadda ko daga bayan katanga aka jiyo shi an san shi ne. Kasimu Yero, wanda ya rasu shekara ɗaya da Om Puri, ya iya zama mutum dabam a Karambana da Magana Jari Ce da Cock Crow at Dawn. Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, ya sha aron harshen wasu ƙabilu da sana'o'i, kuma rabin dariyar da ya bayar daga lafazi take fitowa. Yawancin abin da nake karantawa a kundayen ɗalibai a kan finafinanmu ya karkata ne ga jigo da al'ada da saƙo, ana nazarin abin da aka faɗa kamar an karanto shi daga takarda. Karin sauti da saurin magana da kaurin murya da shiru, waɗanda su ne ainihin kayan aikin waɗannan mutane, ba kasafai suke samun babi ba, alhali harshenmu mai karin sauti ne, kuma muna da masana furuci a kowane sashe.

Ina ganin matakin farko shi ne suna, domin abin da ba shi da suna yana da wuyar nazari. Mataimakin jarumi, kamar yadda ake cewa a wajen ba da lambobin yabo, yana nuna matsayi ne a cikin labari. Ni na fi son a ce ɗan wasan hali ga wanda sana'arsa ita ce shiga halayen mutane iri-iri, a kuma ce ɗan wasan murya ga mai ba da labari daga bayan fage da mai ɗora murya a fassara da ɗan wasan rediyo. Mai yiwuwa wasu su zo da waɗanda suka fi waɗannan daɗi a baki, kuma zan yi maraba da su. Mataki na biyu shi ne adanawa. Om Puri ya samu an rubuta tarihinsa yana raye, a littafin da matarsa Nandita Puri ta wallafa a 2009, finafinansa kuma suna nan da muryarsa ta asali ga duk mai nema. Namu da yawa ayyukansu suna kan tsofaffin kaset a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin, inda zafi da ƙura ke cin su, waɗanda suka yi aiki tare da su kuma suna tsufa.

Om Puri ya rasu ranar 6 ga Janairu, 2017, a gidansa da ke Mumbai, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 66. Bayan 'yan makonni aka nuna hotonsa a bikin Oscar cikin jerin waɗanda duniyar fim ta rasa a shekarar. A kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi kuwa fuskarsa tana ci gaba da yawo a wayoyin matasa tana magana da Hausa. Ɗalibin da zai ɗauki fitowarsa guda ɗaya, ya saurare ta da Hindi, ya sake sauraronta da Hausa, ya rubuta abin da ya tafi da abin da mai fassara ya kawo a madadinsa, zai koya mana wani abu a kan Om Puri, zai kuma koya mana fiye da haka a kan muryar Bahaushe.